Buhu Biyun da Iya Ta Ɗaure

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iya ta rasu wata Talata da hantsi, wata biyu bayan an gama roron wake, kuma kafin la'asar mutanen garinmu sun fara yi mata ƙarya.

Iya kakata ce, uwar babana. Haka kowa ke kiranta, daga ƴaƴanta har mai tallan gishiri. Ina zaune a ƙofar ɗakinta ina kawar da takalman masu gaisuwa daga hanya, ina jin duk abin da ake faɗa. Wata ta shigo ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri." Sai da na leƙa in ga ko wata gawar aka kawo ban sani ba. Iya ba ta da haƙuri ko cikin cokali. In ka gaishe ta a hankali ta ce yunwa kake ji, in ka ɗaga murya ta ce wa ya gaya maka ta kurumce. Wata kuma ta ce, "Ba ta taɓa faɗa da kowa ba." Mai maganar nan shekara huɗu suka yi ba sa ga-maciji da Iya a kan zakara ɗaya, kuma zakaran ya mutu tun a shekarar farko.

Gwaggo, ƙanwar babana da ke aure a Sae Sabuwa, ta sauka daga moto, wato babur, ta fara kuka tun daga bakin gari, har jakuna suna amsa mata. Amma ina kallonta, tana share hawaye da gefen mayafi, ido ɗaya yana kan kwanonin da ke jere a bango.

Mutum ɗaya ce ta yi gaisuwar gaskiya. Wata tsohuwa ce, ƙawar Iya tun suna ƴan mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta yabi kowa ba. Ta wuce har ƙuryar ɗaki inda buhu biyu suke tsaye a kan katako, ta dafa su, ta matsa, ta duba ɗaurin bakin. Sai ta ce, "Ta ɗaure kafin ta tafi. To, alhamdu lillahi." Ta ɗauki sandarta ta fita.

Abin da ke cikin buhunan iri ne. Wani ɗan ƙaramin jan wake ne da Iya ta zo da shi daga garin iyayenta, can ƙetaren iyaka wajen Katsina, ranar da aka kawo ta gidan kakana. Ba a samunsa a kasuwar garinmu Gangara, ba a samunsa a Gazawa. Amfaninsa shi ne gaggawa: yana nuna tun gero bai fitar da kai ba, daidai lokacin da rumbu ya zama fanko, yara suna leƙa tukunya suna komawa. Duk ranar da ruwan shuka ya sauka, matan unguwa sukan zo da kwanoninsu, Iya ta auna wa kowace da faɗa da gori. Babu wadda ke ajiye nata irin. Kowa cinye nasa yake, don an san na Iya yana nan.

Abokin gabar Iya a duniya ɗaya ne, iska. Takan ce ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, ƙwansa na manne a jikin ƙwaya ba a gani. "Numfashi shikai kamar ke," in ji ta. "Ki toshe mashi. Ya shanye ƴar iskar da ke ciki, ya mutu don kanshi, ba magani ba komi." Tun kafin a haifi babana take wannan yaƙi. Da farko da tulu ne, a cakuɗa wake da toka da yashi, a shafe baki da laka da kashin shanu. Sannan tano, wato gangar ƙarfe, sannan bido, jarkar mai da aka wanke aka shanya. Iya ba ta iya ganin abu mai baki a buɗe ta wuce. In ka tsaya kusa da ita kana hamma, to ka yi sauri ka gama. Ni kam ta sha yi mani alkawarin laka, don a gidanmu ba a kirana da komai sai Mai Baki. Sunanta aka raɗa mani, shi ya sa babu mai iya faɗinsa a gidan.

Ina shekara tara na buɗe mata bido guda, na ɗebi wake na kai wa mai ƙosai a ƙofar lakwal, makarantarmu ta boko, muka yi musaya. Na mayar da murfi, a ganina daidai. Bayan wata guda Iya ta zo wucewa, ta tsaya, ta ɗora kunne a jikin bidon kamar likita. Ba ta tambayi wa ya taɓa ba. Ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi. Sai ta dafa mani waken nan a tukunya daban, ƙwari suna yawo a saman ruwan, ta ajiye a gabana.

"Ga naki, har da nama."

"Iya, na ƙoshi."

"Ai ba tambayarki na yi ba."

Kwana uku ina cin wannan tukunya. Har yau in na ga baƙin abu a cikin miya sai na juya shi na tabbatar ba shi da ƙafafu.

Akwai shekarar da ruwa ya sauka ya ɗauke, abinci ya ƙare wa mutane tun kafin lokaci. Maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya tafi ci-rani arewa aka daina jin labarinsa, ta shigo ta durƙusa ta roƙi Iya ta buɗe buhu ta ba ta ko tiya ɗaya ta dafa wa yara. Iya ta ce, "Iri ne. Tashi ki ba ni wuri." Matar ta fita tana kuka, ni kuma na rantse a raina ba zan ƙara ɗebo wa wannan muguwar tsohuwa ruwa ba. Da la'asar ta kira ni, ta kwance tunkiyarta, guda ɗaya tak da take da ita, ta miƙa mani igiyar.

"Kai mata. Ki ce ɓata ta yi ta shiga gidanta, ni kuma na ce ban son tunkiya mai yawo."

"Iya, wa zai yarda da wannan?"

"In kika faɗa wa wani, sai na liƙe bakin nan."

Na riƙe maganar shekara shida, abin da ko ni ban taɓa zaton zan iya ba. Yau na faɗa, ta zo ta liƙe.

Sabon buhun ya zo mana ne a farar mota. Wasu ma'aikatan gona suka tara mutane a gindin gawo, wani saurayi mai hular rana yana nuna yadda ake yi: leda mai kauri a cikin leda mai kauri, su biyun a cikin buhun saƙa, a matse iska, a murɗe bakin kowace daban, a lanƙwasa, a ɗaure. Yana ta bayani kamar shi ya ƙirƙiro numfashi. Iya ta ratsa maza ta karɓi ledar daga hannunsa, ta kaɗa ta ta cika da iska, ta shaƙe bakin, ta matsa ta a gefen kumatunta tana juyawa a hankali.

"Ɗana, wagga taka ta huje. Ga wurin nan."

Aka duba, ga huda kamar ta allura. Dandali ya ɗauki dariya, saurayin ya cire hula ya mayar sau uku. Amma daga ranar Iya ta karɓi buhun. Ta ce ba laifi, masu karatu sun iso inda take, duk da sun yi latti.

A jikin buhun akwai wata kalma da manyan baƙaƙe, hermetic, a ƙarƙashinta kuma ƴar'uwarta ta Faransanci mai ƴar doguwar wutsiya. Bara, da na shiga aji na uku a kolej ta Gazawa, na kwafe ta a kaye, littafin rubutuna, na kai wa mushe, malaminmu na Ingilishi, don kawai in cinye masa lokacin darasi. Sai ya ɗauki abin da gaske. Washegari ya dawo da labari, ni kuma ranar Asabar na kawo wa Iya, na same ta tana yanka robar cikin taya siri-siri ta ɗaurin buhu.

Na ce mata ma'anar kalmar ita ce abin da aka rufe ruf, iska ba ta shiga ba ta fita. Ta ce wannan ba sai an je Gazawa ba. Na ce ta tsaya, ai sunan wani ne, Hamis ko Harmis. Mutanen Girka na dā suna da abin bauta mai wannan suna, da suka zauna a Masar sai suka haɗa shi da na Misirawa mai kula da rubutu da ilimi, suka mayar da su wani babban malami ɗaya. Daga baya aka yi wasu mutane masu dafa ƙarafa a cikin kwalba suna neman su mayar da su zinariya. Su ne suka ce wannan malami ya koya musu sirrin rufe bakin kwalba yadda ko tururi ba zai tsere ba, suka sa wa rufin sunansa. Neman zinariyar ya mutu, kalmar ta rayu, ta bi ta Faransanci da Ingilishi har ta iso jikin buhun da ke gabanta.

Iya ta ajiye wuƙa.

"Astagfirullah. Watau sunan gunki nike ɗaure wakena da shi?"

"Suna ne kawai ya rage, Iya. Mushe ya ce masana ma sun ce ba a taɓa yin mutumin ba."

"Ba a yi shi ba?"

"Ba a yi shi ba."

"Ya taɓa ajiye wake?"

"A'a, su zinariya suke nema."

"Sun samu?"

"Ba su samu ba."

Ta daɗe tana kallon rubutun, ita da ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Sai ta ce, "Ba a haife shi ba, bai ajiye komi ba, almajiranshi ba su samu komi ba, kuma ga sunanshi ya zo har Gangara cikin mota. Ni shekara hamsin ina toshe tulu. Nawa sunan an ba ki, ke kuma an ɓoye shi." Ta yi tsaki, ta miƙo mani roba. "Riƙe nan. Murɗa da ƙarfi, ba kitso kike ba."

Buhu biyun ƙarshe ni da ita muka ɗaure su. Zazzaɓi ya riga ya fara kama ta, hannunta ba ya iya murɗawa, sai ta zauna a kan turmi tana ba da umarni. Sau uku ta sa na kwance na sake. Da ta gamsu ta ce, "Ko ina nan ko ba ni nan, ba mai taɓa su sai ruwa ya sauka. Ke na gaya wa, don ke kaɗai ce kika ci tukunyar nan." Wannan ita ce wasiyyar da na samu. Wasu an bar musu zobe.

Ranar addu'ar bakwai, da safe bayan an shafa fatiha, manya suka shiga ɗakinta don a ga abin da ta bari. A gaba akwai Baffa, wan babana, ɗan kasuwar hatsi a Agiye. Baffa ba mugu ba ne, kuma ya yi kukan uwarsa da gaske, na gani. Amma yana da wani ƙarfe mai tsini da rami a ciki, irin wanda masu sayen hatsi ke soka buhu da shi su zaro ƴan ƙwayoyi su duba. Yadda wasu ba sa rabuwa da carbi, haka ba ya rabuwa da ƙarfen nan. In ka kwanta kusa da shi ka lulluɓa da bargo, sai ya soke ka ya ga ko gero ne ko dawa.

Magana yake da Gwaggo a kan gado da katifa, bai ma kalli buhunan ba. Hannunsa ne ya tafi shi kaɗai. Sama, tsakiya, ƙasa, yadda suke yi a kasuwa don kada a ɓoye musu tsakuwa a gindi. Ya juya ga na biyun. Sama, tsakiya, ƙasa.

"Baffa! Ka huda!"

"Na huda mi?"

"Ledar ciki. Iska za ta shiga, ƙwari za su tashi."

Ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna. "Wake mai kyau. Irin tsohuwa ne ko? To a bar shi nan sai damina." Sannan ya sa farce ya karce saƙar buhun a inda ya soka, zaren ya koma ya haɗe, ramin ya ɓace. "Kin gani? Ya rufe. Shekara talatin ina soka buhu, ɗiyata, ban taɓa jin wanda ya mutu ba."

Maza suka yi dariya. Gwaggo ta ce, "Ƴan lakwal ke nan. Mutum uwarshi ta rasu, kina koya mashi buhu." Babana, wanda ba ya iya musa wa wansa ko a kan lokacin salla, ya harare ni ya ce in fita in ba mutane wuri.

Da a ce a nan labarin ya tsaya, da na ji daɗin rubuta shi. Da Baffa ne mai laifi, ni ce mai gaskiya, sai a tashi.

Amma na san maganin abin. Aikin yini ɗaya ne. A juye waken a kan tabarma, a baza shi a rana mai zafi, a zuba a bido a cika har wuya, a liƙe. Bido bakwai wankakku suna ƙarƙashin gadon Iya, ni na wanke su da hannuna. Innata tana can bayan gida wajen tukwanen sadaka lokacin da aka yi sukar, ba ta gani ba, da kalma ɗaya na gaya mata da mun gama kafin magariba. Ban gaya mata ba. Na ce a raina, tunda dariya suka yi, bari su gani. So nake ranar buɗewa ta zo, Baffa yana tsaye, in ce masa, "Shekara talatin ko?"

Na shirya jawabin nan a hanyar Gazawa har na haddace shi. A lakwal kuma na mayar da abin wasa. Nakan tura ciki gaba, in riƙe bik ɗina na rubutu kamar ƙarfen Baffa, in bi jakunkunan ƴan ajinmu ina soka, sama, tsakiya, ƙasa, in tauna iska in ce, "Wake mai kyau." Har ƴan aji na huɗu suna zuwa kallo. Wata ta yi dariya har ta faɗo daga benci. Ban taɓa yin suna kamar na wannan lokacin ba.

Duk Asabar in na dawo gida nakan shiga ɗakin, wanda aka rufe ba mai kwana, in ɗora kunne. Makonnin farko shiru, har na fara tsoron kada Baffa ya yi gaskiya. Da zafi ya shigo sai na ji. Wata ƴar ƙara ce siririya, kamar ana suya a gida na uku. Na dafa buhun, na ji shi da ɗumi kamar jikin yaro mai zazzaɓi. Ko a ranar nan, da na juye shi, da rabi ya tsira. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado, ga bidon nan a jere. Sai wani abu ya kama ni wanda ba fushi ba ne. In na yi magana yanzu, za a ce tun yaushe kika sani? Na ja ƙofa na fita. Asabar ta gaba ban shiga ba, ta gaba da ita ma haka.

Ruwan shuka ya sauka wata Alhamis. Juma'a da sassafe matan unguwa suka cika tsakar gidanmu da kwanoninsu kamar kowace shekara, suna raha, wata tana cewa bana dai za a auna musu ba zagi. Babana ya jawo buhu ɗaya waje, ya kwance robar da na ɗaura, ta farko, ta biyu.

Wari ne ya fara fitowa, sannan ƙwarin. Suka tashi suka rufe bangon ɗakin, suka shiga mayafan mata. Babana ya tura hannu har gwiwar hannu, ya fito da gari da ɓawo, kowace ƙwaya da ramuka kamar rariya. Na biyun ya fi na farkon lalacewa. Babu wadda ta yi salati da ƙarfi. Kwanoni kawai aka riƙa kifewa a kai, ana fita ɗaya bayan ɗaya.

Baffa ba ya nan ma. Babana ya kira shi a salula, ina jin muryarsa daga nesa yana cewa ƙaddara ce, kada a damu, zai aiko da iri mai kyau daga Maraɗi a motar kasuwa. Jawabina na wata biyar yana bakina. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ai na faɗa." Ko kaza ba ta juyo ba.

Da rana ta yi, ni da Inna muka zauna muna sheƙe garin ko za a samu na kirki. Ba ta kalle ni ba ta yi tambayar.

"Ranar da ya soka, kina wurin?"

"Ina wurin."

"Kin san abin da ake yi in leda ta huje?"

"Na sani."

"Bidon nan na ƙarƙashin gado fa?"

"Suna nan."

Na jira mari, har na karkata kumatu don ya sauka daidai. Sai ta turo mani faifai ta ce, "To, tsinta." Ta tashi ta shiga ɗaki. Har yau ba ta gaya wa babana ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba.

Kwana biyu na yi ina tsinta. Daga buhu biyu, ƙwayoyin da ba su da huda ba su cika tafin hannuna ba, su ma yawancinsu zafin cikin buhun ya kashe su. Na shuka su a layi ɗaya bayan ɗakin Iya, na kewaye da ƙaya. Goma sha ɗaya suka tsiro. Akuyar Gwaggo, wadda aka bar mana kiwo, ta tura kai ta cinye biyu.

Matan unguwa sun shuka farin waken da Baffa ya aiko. Yana da kyau, ganyensa ya fi tafin hannu, kuma zai nuna tare da gero, lokacin da ba a buƙatarsa. Tsakanin yanzu da lokacin akwai makonnin da Iya ta saba cika wa mutane tukunya, bana kuwa kowa zai san tsawonsu. Suna gaishe ni a bakin rijiya, suna cewa Allah Ya shi albarka, yarinyar da ta yi wa Baffanta gargaɗi bai ji ba. Ina amsawa da amin.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya yafe mata zafin bakinta, Ya saka mata da abin da ta ciyar a ɓoye, Ya sa ta huta. Wanda ya karanta wannan ya yi mata fatiha. In addu'ar tasa ta yi saura, akwai tsiro tara a bayan ɗakinta, kuma kwana goma sha biyu ke nan ba a yi ruwa ba.